GARGAƊI GA 'YAN KASUWA: Haɗa Baki Kan Farashi Laifi Ne

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, dillalai da masu shaguna, a saurara da kyau. Wasu abubuwan da muka saba kira "dabarar kasuwa" suna iya kai mutum gidan yari.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ba ta hana ka sayar da kayanka da rahusa ba, ba ta kuma hana ka janye masu saye da kaya mai kyau da sakin fuska ba. Abin da ta hana shi ne ka ci kasuwa ta hanyar toshe wa ɗan'uwanka hanya ko yaudarar mai saye.

Ga ramin da aka fi faɗawa. Ƙungiya ta zauna bayan la'asar, a yanke cewa buhun sukari kaza za a sayar, duk wanda ya sauko ko da naira ɗari ce a ci shi tara, ko a garƙame masa shago kwana uku. Mu a wajenmu haɗin kai ne, a wajen doka kuwa haɗa baki ne don ƙayyade farashi. Wanda aka kama yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun. Kamfani kuma ana iya cin sa tarar kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. "Ai shugaba ne ya ce" ba zai fitar da kai a gaban alƙali ba.

Haka ma haɗa kai a ɓoye hatsi har sai ya yi tsada. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu manyan rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Malamanmu ma sun daɗe da haramta wannan, tun kafin a san wata hukuma.

Sai masu sauya buhu: a zazzage shinkafa maras kyau a buhun kamfanin da ya yi suna, a ɗinke baki tsaf kamar daga masana'anta ta fito. Ko a buga tambarin atamfa irin na wani sak, a canza harafi ɗaya kawai. Wannan cuta biyu ce, an cuci mai saye, an kuma sace sunan da wani ya yi shekaru yana ginawa, kuma mai tambarin yana da damar maka ka a kotu.

Duk ƙungiyar da ke da tarar "karya farashi" a tsarinta, ta soke ta yau, kada a jira takardar sammaci. Kai kuma mai saye, riƙe rasiɗinka, ɗauki hoton kayan, ka kai ƙara FCCPC.