Sa'ad da Shugabanci Ya Canja Hannu

Yau za mu duba lokacin da shugaba yake tafiya, wani ya ɗauki aikinsa, gama a nan ne ikkilisiyai da yawa suke tsagewa.

Mu tuna da tarihin ECWA. Turawan mishan na SIM sun shigo ƙasar nan a 1893. A 1954 aka kafa ECWA, amma mishan ba ta sakar mata kome a rana ɗaya ba. Sai a 1976 ECWA ta karɓi sauran ayyukan da suke hannun mishan. Shekara 22 ke nan ana miƙa kaya kaɗan kaɗan. Waɗansu za su ce an yi jinkiri, mai yiwuwa kuwa suna da gaskiya, amma da ranar ta zo, akwai 'yan ƙasa da suka riga suka san aikin.

A Littafin Ƙidaya sura 27 mun ga Musa ya tsai da Joshuwa a gaban Ele'azara firist da dukan jama'a, ya ɗibiya masa hannu. Musa yana da rai ya yi wannan, kowa yana gani. Bayan mutuwarsa ba wanda ya tambaya ko wa zai bi da su.

To, yaya muke yi a yau? A ɗauke fasto zuwa wani gari, motar kaya ta zo da asuba, sabon ya iso ya tarar ba littafin baiko, ba takardar filin majami'a, makullin ofis ma yana aljihun wani dattijo. Ya kamata a zauna da dattawa da ma'aji, a ƙirga kuɗi, a rubuta bashi idan akwai, su biyun su sa hannu, a kuma sanar ran Lahadi.

Tsohon fasto kuma, in ka tafi, ka tafi. Idan membobi sun buga maka waya suna ƙarar sabon, ka mai da su wurinsa.

Mu ma muna da namu. Sau da yawa sabon fasto ba ya jin yarenmu, da Hausa zai yi wa'azi, iyayenmu tsofaffi kuwa ba duka suke kamawa ba. Maimakon gunaguni a Zumuntar Mata, tun makon farko mu samo masa saurayi mai fassara, wanda zai raka shi gaisuwa gida gida.