Yadda Ake Faɗaɗa Hanyoyin Jiragen Sama

Jiragen da ke ratsa samaniyar Jakusko, Gashuwa da Nguru suna ƙarƙashin kulawar cibiyar lura da zirga-zirgar jirage ta Kano, wadda hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, ke gudanarwa, kuma da yake jirage na ƙaruwa alhali sararin bai ƙaru ba, dole ne a nemi dabarun da za su sa ya ɗauki ƙarin jirage ba tare da haɗari ba.

An fara da rage tazara: a shekarar 2008 ƙasashen Afirka suka mayar da ratar da ke tsakanin jirgi da na samansa daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000, a tsakanin tsayin ƙafa 29,000 da 41,000, abin da ya samar da sababbin matakan tashi guda 6.

Sauran dabarun da ake dogaro da su sun haɗa da ADS-B, wato na'urar da jirgi ke sanar da matsayinsa da kansa bisa bayanan tauraron ɗan'adam ko a inda rada ba ta kaiwa, da sakin hanya, inda matuƙi ke zaɓar miƙaƙƙiyar hanya maimakon tsayayyun layuka, da kuma musayar rubutaccen saƙo tsakaninsa da jami'in ƙasa, domin rage cunkoson rediyo.