Hoton Yana Nan, Amma A Wace Jaka Yake?

A da, mai sana'ar ɗaukar hoto yana da akwatin ƙarfe inda yake jera fim ɗin da ya wanke, kowane ɗauri cikin ambulan, an rubuta sunan mai shi a baya. Yau akwatin nan ya koma cikin kwamfuta, ambulan kuwa ta zama folda, watau jakar ajiya. Sai dai ita wannan jaka haɗiye 'yar'uwarta take yi: ga jakar shekara, a cikinta ta wata, a cikin ta wata ta biki, a cikin ta biki kuma ga ta kamu, ga ta ɗaurin aure. Masu ɗaukar hoto a birnin Bauci, tun daga Zungur har Wunti, sun san wahalar da ke cikin wannan. Mutum ya zo neman hoton mahaifinsa da ya rasu, ya haƙiƙance a wani hawan Salla aka ɗauka, amma shekarar ta kwanta masa. Sai a wuni ana buɗe jaka ana rufewa.

Ita kanta kyamara tana ƙara dagula al'amarin. Bisa ƙa'idar da kamfanonin Japan suka tsara a 1998, tana zuba hotuna cikin jaka mai suna DCIM, tana ba kowane lamba mai gurbi huɗu. In ta kai 9999 sai ta koma farko. Saboda haka hotuna biyu dabam kan ci suna ɗaya, kuma wanda ya gaji ya juye kome wuri guda yana iya danne wani da wani bai sani ba.

Maganin wannan su ne manhajojin jera hotuna, irin su Lightroom, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 2007, da digiKam wadda ake samu kyauta. Ba sa ɗaga hoto daga inda yake, fihirisa suke rubutawa. Kowace cikinsu tana da wurin da za a umurce ta ta nuna abin da ke cikin uwar jaka haɗe da na 'ya'yanta da jikokinta, hotunan shekara goma su shimfiɗu a fuska ɗaya. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, har sukan ɗauka hotunansu sun salwanta don sun taɓa uwar jaka sun ga wayam.

Amma babban amfaninsu yana ga alamar da ake liƙa wa hoto. Mai karatu ya tuna cewa a 1943 aka kafa ƙungiyar muhawara ta Bauci, wadda ta haɗa Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, a zamanin Sarkin Bauci Yakubu na Uku. To, a ce yau wani gida ya fito da hoton ɗaya daga tarurrukan nan. A wace jaka za a sa shi? Ta Sa'adu, ko ta Firayim Minista, ko ta 1943? Jaka dai wuri ɗaya take ba hoto, sai fa in za a yi ta kwafi har a rasa na asali. Alama kuwa, ko goma aka liƙa masa ɗauka zai yi, ta kowace ƙofa aka shigo a tarar da shi.

A nan ne ake yawan sakaci. Galibi alamun nan cikin fihirisar manhaja suke zaune, ba a jikin hoton ba, sai an umurce ta ta rubuta su a ciki. Manhaja kuwa ba ta dawwama: Google ya daina kula da Picasa a 2016, bayan dubban mutane sun dogara da ita. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan isa tsirara, ba ranar ɗauka a jikinsa. Tsohon hoton takarda kuma, in aka kwafe shi da na'ura, ranar kwafin kwamfuta za ta riƙe, ka iske taron 1943 ya jeru tare da bikin sunan bara.

A ganina ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke kula da Kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauci, ta gayyaci gidajen da ke riƙe da tsofaffin hotuna, a kwafa, a mayar musu da abinsu, a kuma zaunar da dattawa gaban kwamfuta su faɗi wane ne wannan, wane ne wancan. Na'ura tana iya gane cewa fuskar nan ita ce waccan, amma ba ta san sunan malamin da ke tsaye a layin baya ba. Malam Sa'adu ya rasu a 1958, Allah Ya jiƙansa. Saurayin da ya san shi ido da ido yana ɗan shekara 20 a lokacin, yau ya doshi 90.