Koyar da Likitocin Yara Amfani da Na'urar Sikanin a Bakin Gado

Idan hunturu ya kama, asibitocin Bichi da Dambatta kan cika da yara masu tari da saurin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019. Ma'aikatan lafiya kan ƙirga numfashi don gano ta: sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Sai dai zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ma suna sa numfashi ya yi sauri, don haka ƙirge kaɗai ba ya raba gardama.

A nan ƙaramar na'urar sikanin take da amfani. Tana tura sauti mai siririn amo wanda kunne ba ya ji, ta mayar da amsa-kuwwarsa hoto a fuskar waya. Ba ta da hasken da ke cikin hoton ƙashi, ana kuma kai ta gadon yaro yana jikin mahaifiyarsa. Da yake ƙirjin yaro ba shi da kauri, likita yana iya ganin huhun da ya cushe, da ruwan da ya taru a gefensa, da saifar mai sikila idan ta kumbura, da jijiyar da za a sa ƙarin ruwa ga wanda gudawa ta galabaitar.

Amma hoton ba ya fassara kansa. Likita mai neman ƙwarewa kan fara da koyon riƙon na'urar da sanin siffar lafiyayyen huhu, sannan ya duba marasa lafiya a gaban malaminsa, ya adana hotunan domin gwani ya bi su ya gyara. Ana kuma koya masa iyakarta: iska da ƙashi suna tare sautin, saboda haka akwai ciwon da ba ta gani. Irin wannan sai an tura yaron Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero.

Saboda haka kwamitin da ke shirin sayen wannan na'ura ya fara tambaya: wa zai koyar, wa zai duba hotunan, da me za a yi mata caji? Idan babu amsa, za ta ƙare a kulle cikin sito, iyaye kuwa su ci gaba da sayar da hatsi don kuɗin motar zuwa birni.