Hoton naka ne, fuskar ta mai ita ce: abin da ya kamata ku sani game da takardar izinin hoto

A shekarar 1902 babbar kotun jihar New York ta Amurka ta yanke wani hukunci da ya tayar da ƙura. Wata budurwa 'yar garin Rochester, mai suna Abigail Roberson, ta wayi gari ta ga fuskarta a jikin takardun tallan fulawar kamfanin Franklin Mills. Kwafi 25,000 aka buga, aka manna a kantuna da rumbunan ajiye kaya da mashaya, ba tare da wani ya nemi yardarta ba. Ta kai ƙara, ta ce abin ya jawo mata ba'a har ta kwanta ciwo. Alƙalai huɗu cikin bakwai suka ce ba ta da hujja, domin babu dokar da aka karya. Jama'a suka yi ca a kan hukuncin, kuma a 1903 majalisar jihar ta kafa dokar da ta haramta amfani da sunan mutum mai rai ko hotonsa wajen talla ko kasuwanci sai da rubutacciyar amincewarsa. In ƙaramin yaro ne, sai iyayensa ko waliyyinsa sun sa hannu. Dokar tana nan har yau.

Wannan rubutacciyar amincewa ita ce takardar izinin hoto, wadda shafukan sayar da hotuna ke kira model release. Dalilin da ya sa ake buƙatarta shi ne, duk hoton mutum, na kyamara ne ko na zane, haƙƙi biyu ne a cikinsa, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Na farko haƙƙin mallakar fasaha, wanda galibi yake hannun wanda ya danna kyamara ko ya riƙe buroshi. Na biyu haƙƙin mai fuskar, na kada a ci kasuwa da kamanninsa ko a zubar masa da mutunci ba da saninsa ba. Masu hoto da masu zane da yawa sun san na farkon sarai, har suna cin ɗamara in an sace musu aiki, amma na biyun sai an kai su gaban alƙali suke jin labarinsa.

Abin da doka ta fi sa wa ido shi ne inda hoton ya je bayan an ɗauke shi. Hoto ɗaya na wata mai tallar fura da nono zai iya fitowa a jarida cikin labarin kasuwa ba tare da takarda ba, a ƙasashe da yawa. Ranar da aka ɗora shi a kwalin madara ko allon tallan banki kuwa, magana ta sauya, domin mai kallo zai ɗauka ta yarda da kayan ne, an kuma ci riba da fuskarta. Shi ya sa kamfanoni irin su Getty Images da Shutterstock da Adobe Stock suka raba hotuna gida biyu: na labarai da na talla. Ba sa karɓar hoton talla da za a iya gane mutumin da ke ciki sai da takarda. Ganewar kuma ba ta tsaya ga fuska ba. Zane a jiki, ko tabo, ko wata alama da ta keɓanta da mutum, duk za su iya sa a nemi takarda ko da ya juya baya.

Tsakanin labari da talla akwai fili mai faɗi, wato aikin fasaha da ake ratayewa a zauren baje koli ko a buga a littafi, kuma a nan ƙasashe suka sha bamban. Daga 1999 zuwa 2001 wani mai hoto Ba'amurke, Philip-Lorca diCorcia, ya kafa fitilu a dandalin Times Square yana ɗaukar masu wucewa ba su sani ba. Cikinsu har da wani dattijo Bayahude mai tsananin riƙo da addini, wanda bai ji labari ba sai a 2005, bayan an riga an sayar da kwafe-kwafen hotonsa a kan dubban daloli kowanne. Ya kai ƙara, ya ce an yi kasuwanci da shi, kuma addininsa ma bai yarda da hoto ba. A 2006 kotu ta kori ƙarar, ta ce aikin fasaha ne, kuma sayar da shi bai mayar da shi talla ba. Da aka kai babbar kotun jihar New York a 2007, sai ta tsaya a kan cewa ya makara, domin shekara ɗaya doka ta ba shi daga ranar da aka fara nuna hoton.

Ƙetare iyaka zuwa lardin Quebec na Kanada, sai ka tarar da akasin haka. Wani mai hoto ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara 17 tana zaune a matakalar wani gini a birnin Montreal, wata mujallar fasaha mai suna Vice-Versa ta buga. Babu tsiraici, babu talla, a bainar jama'a take zaune. Duk da haka Kotun Ƙolin Kanada a 1998 ta tabbatar mata da diyyar dala 2,000, ta ce 'yancin mai fasaha bai kai ga buga hoton mutum ba da yardarsa ba in shi ne jigon hoton. Faransa ma ta daɗe a kan wannan turba. Jamus kuwa dokarta ta 1907 ce, ta biyo bayan ta'asar wasu masu hoto biyu da suka saci jiki suka ɗauki hoton gawar tsohon shugaban gwamnatin ƙasar, Bismarck, a kan gadonsa a 1898, kuma ta ce ko mutum ya mutu sai an nemi izinin danginsa har tsawon shekara goma. A zamanin da hoto ke tashi daga Kano ya sauka Berlin cikin daƙiƙa, dogaro da sassaucin dokar Amurka ganganci ne.

Samun takardar ma ba ya wadatarwa in ba a lura da abin da ta ƙunsa ba. A 1986 an biya wani mai tsayawa hoton talla dala 250 domin a ɗauke shi yana shaƙar ƙamshin kofi, da sharaɗin ƙarin kuɗi in za a yi amfani da hoton a Kanada. Sai a 2002 ya shiga kanti ya ga fuskarsa a kwalbar kofin Taster's Choice na kamfanin Nestlé, ashe an shekara da shekaru ana sayar da ita a ƙasashe da dama. A 2005 masu taya alƙali yanke hukunci a California suka ba shi dala miliyan 15.6. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan adadi daga baya, amma an sha shekaru ana jeka-ka-dawo. Izini kamar aron gona ne: wanda aka ba ka ka noma damina ɗaya bai ba ka ikon gina gida a ciki ba.

Don haka takarda mai kyau ba ta da tsawo, amma ba ta barin kafa. Tana ɗauke da sunan mai hoto da na wanda aka ɗauka, da rana da wurin da aka yi aikin, da abin da aka biya, ko kuɗi ne ko kwafin hotuna. Sannan ta faɗi ƙarara inda za a yi amfani da hoton: baje koli kawai, ko littafi, ko shafin Instagram na mai hoton, ko talla kowace iri, a wace ƙasa, har tsawon wane lokaci, kuma ko an yarda a sayar wa wani ya yi amfani da shi. Ta faɗi ko za a iya yi masa kwaskwarima da kwamfuta, ko a ba na'urorin ƙirƙirar hoto su koya da shi, abin da tsofaffin takardu ba su ma hango ba. Wurin da ya fi kowanne hatsari shi ne batutuwa masu taɓa mutunci: cuta, shaye-shaye, siyasa, addini. A 2013 wata hukumar jihar New York ta sayi hoton wata mata a Getty, ta sa shi a tallan wayar da kai da ke nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, alhali lafiyarta ƙalau, kuma ba ta taɓa sa hannu a komai ba. Kotu ta ba ta dala 125,000.

Masu zane kada su ɗauka sun tsira. In za a iya gane mutumin a zanen, hukuncinsa ɗaya da na kyamara. In kuma daga hoton wani ka kwaikwaya, izini biyu ke kanka, na mai fuskar da na mai hoton. Ko gidauniyar mai zane Andy Warhol ta sha kaye a Kotun Ƙolin Amurka a 2023 a kan zanen mawaƙi Prince da ya kwaikwayo daga hoton da mai hoto Lynn Goldsmith ta ɗauka.

A Najeriya babu doka guda da ta keɓanta da haƙƙin kamanni, amma wannan bai bar fage a buɗe ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, ta ba shi damar janye amincewarsa, ta kuma ce na yaro sai da izinin iyaye ko waliyyi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma tana da wani tanadi da ya kamata kowane mai hoton biki ya sani: wanda ya biya aka ɗauke shi hoto ko aka zana shi don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a buga ko a baje ko a yaɗa shi, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Ke nan ɗora hoton amarya a shafinka domin jawo kwastoma talla ce, ko kai mai hoto ne, ko tela, ko mai kwalliya, ko mai lalle. A ƙasar Hausa ma ba sai an je kotu ba, hoton matar aure da ya fita ba da sani ba yakan tayar da fitinar da kuɗin diyya ba ya kashewa. Haka nan masu ɗaukar almajirai da yaran sansanin gudun hijira domin neman tallafi: murmushin yaro ba izini ba ne.

Akwai kuma inda nake ganin ana zalunci da takardar kanta, wato a miƙa wa mutum shafi biyu na Turanci a ce ya dangwala yatsa. A rubuta ta da Hausa, ko a karanta masa a fassara a gaban shaida, a rubuta a jikinta cewa an yi hakan, da sunan wanda ya fassara. A sa hannu ranar aikin, kafin a watse, domin neman mutum bayan shekara uku wahala ce.

In kai ne aka miƙa wa takardar, tambayi inda hoton zai je da tsawon lokacin. Soke duk layin da ba ka yarda da shi ba kafin ka sa hannu, musamman wanda ya ce kowane irin amfani har abada, kuma kada ka tashi sai an ba ka kwafinka, ko da a waya ne ka ɗauke ta.