Idan Silinda Ɗaya Ta Ƙi Aiki a Tsohon Babur

Baburan da suka cika titunanmu yau, irin su Bajaj da Jincheng, silinda ɗaya gare su. In ta tsaya, babur ya tsaya. Tsofaffin Honda masu silinda biyu, kamar CD175 da aka ƙera daga 1967 zuwa 1979, ba haka suke ba. Ɗaya na iya mutuwa ɗayar ta ci gaba da jan kaya, inji na ɗingishi, ana murɗa totur ba ƙarfi, salansa na warin ɗanyen fetur. Yawancin mutane kafireto suke fara kwancewa, kuma sau da yawa ɓata lokaci ne.

A fara gano wacce ce ta mutu. A tayar da inji da sanyinsa, bayan kamar minti ɗaya a yayyafa ruwa a wuyan kowace salansa, kusa da kan inji. Wadda ta yi "cuu" tana aiki. Kada a gwada da hannu.

Sai a tambayi kai: me silindodin biyu suka yi tarayya a kai? CD175 kafireto ɗaya gare shi, kwantak ɗaya, da kwayil ɗaya mai wayoyi biyu da ke ba fulogan wuta lokaci guda. Abin da ke ciyar da su tare, da wuya ya zaɓi ɗaya ya hana ta. Saboda haka zargi ya koma kan abin da kowacce ta mallaka ita kaɗai: fulogi, hularsa, wayarsa, bawul da ringin fistin. A tsohon Honda CB350 kuwa, mai kafireto biyu, kwayil biyu da kwantak biyu, lissafin ya sauya, don jet ɗin silo na gefe ɗaya kan toshe idan fetur ya daɗe a kwance.

Fulogi ba ya ɓoye magana. In ya fito jiƙe da fetur, mai na zuwa, galibi wuta ce babu. In ya fito a bushe ƙamas, man ne bai iso ba. Baƙi mai maiƙo kuwa, baƙin mai ne ke haurowa. Tazarar bakinsa ta zama milimita 0.6 zuwa 0.7. Daga nan sai musanya, abu ɗaya a lokaci ɗaya: fulogin hagu ya koma dama, a tayar, in ciwon ya bi shi, magana ta ƙare. In bai bi ba, a musanya hula. Wanda ya sauya abu uku a tashi guda, ko babur ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

In ciwon ya kafe a gefe ɗaya, a cire fulogi, a toshe ramin da babban yatsa, a buɗe totur a buga kik. Lafiyayyar silinda ture yatsan take yi. In iskar ta yi rauni, a zuba cokalin baƙin mai a ramin a sake: ta ƙaru, ringi ne ya cinye, ba ta ƙaru ba, bawul ne. Sau tari ma bawul ɗin matsewa kawai ya yi har ba ya rufewa sosai, kuma saiti ya ishe shi, muddin bai riga ya ƙone ba.

Kafin a gyara, a daina hawa. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke maiƙon bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, don haka bayan gyara a juye shi a zuba sabo.