Injin Yanka na Leza: Ba Kullum Ne Laifin Bututu Ba

MAIDUGURI — A 'yan shekarun nan wani ƙaramin inji ya shiga harkar masu rubuta allunan talla, da masu sassaƙa hatimi, da masu shirya kyaututtukan biki. Shi ne injin da ke yanka falankin katako, da fata, da kwali, da robar nan mai kama da gilashi, ta hanyar hasken leza. A Turai da Amurka, ƙaramin cikinsu, wanda aka fi sani da K40, abin sha'awa ne da mutum kan ajiye a gida. A Maiduguri kuwa jari ne, kuma ranar da ya ƙi yanka, ranar ce kuɗin cefane ke tsayawa.

Matsalar kan zo ne da siga ɗaya. A kunna inji, fitilu su kama, kansa ya riƙa kai da komowa bisa zanen da kwamfuta ta ba shi, amma ko ɗigon ƙuna babu a jikin katako. Nan take sai mai inji ya yanke hukunci cewa bututu ya mutu, ya aika Kano ko Legas a sayo sabo. Bututun nan gilashi ne mai tsawon kimanin santimita 70, daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya tashi kamar na sauran kayan waje. Ga haɗarin fashewa a tafiyar kusan kilomita 600 daga Kano. Abin takaicin shi ne, sau da yawa bayan an ɗaura sabon, injin na nan yadda yake, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Yadda hasken ke samuwa

Irin wannan leza, wani masani ɗan asalin Indiya, Kumar Patel, shi ya ƙirƙiro ta a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka cikin 1964. A cikin bututun akwai haɗin iska iri uku. Wani akwatin wuta ne ke ɗaga ƙarfin lantarki zuwa wajen bolt 20,000, ya tura shi cikin iskar, sa'an nan haske ya fita. Hasken da ke yankan ido ba ya ganinsa. Madubai uku ne ke miƙa shi daga wannan zuwa wancan, har ya isa wani ɗan gilashi mai launin rawaya wanda ke tattara shi wuri guda a kan abin da za a yanka. Saboda tsananin zafi, ruwa na kewaya bututun ta hanyar famfo muddin yana aiki.

Ke nan abubuwa huɗu ne ke iya hana aiki: makunnan kariya, madubai, akwatin wuta, da shi kansa bututun. Hikimar ita ce a fara da mai araha, a ƙare da mai tsada.

Daga ina za a fara

Tambaya ta farko ita ce: idan an ba da umarnin yanka, bututun na haskawa? Lafiyayyen bututu kan nuna wani zare mai launin shunayya-shunayya a tsakiyarsa, allurar mitar da ke gaban injin kuma ta motsa. Idan haka ta faru amma babu yanka, to galibi laifin na madubai ne. Ko dai ƙura ta rufe su, ko jijjiga ta karkata ɗaya. Ana gane wannan ta hanyar manna salatif na takarda a gaban kowane madubi, a rufe murfi, a ɗan taɓa maɓallin gwaji, a duba inda ƙunar ta faɗa.

Idan kuwa bututun bai haska ba, sai a koma ga makunnan kariya. Injuna da yawa suna da makunni a jikin murfi, wanda ke yanke wuta in murfin bai zauna daidai ba. Akwai kuma wanda ke lura da gudun ruwa: da zarar famfo ya tsaya, ko tiyo ya lanƙwashe, ko gansakuka ta toshe hanya, sai ya hana bututun kamawa domin kada ya fashe. Wannan ba lalacewa ba ce, injin ne ke ceton kansa.

Mataki na gaba shi ne maɓallin gwaji da ke jikin akwatin wutar. Idan an danna, ruwa na gudu, bututun ya haska, to matsalar tana tsakanin allon sarrafawa da wayoyinsa, abin da galibi bai wuce waya da ta saki ba. Idan shiru, sai a duba fiyus. Idan ana jin ƙarar tartsatsi ta bayan injin, wuta ce ke tsallakewa daga jar wayar zuwa jikin ƙarfe, saboda rufin da ke mahaɗarta ya lalace ko ya jiƙe. Sai bayan duk waɗannan ne ya kamata a tuhumi bututu. Alamominsa kuwa ba ɓoyayyu ba ne: tsagewa, ko ruwa a cikin zuciyarsa inda bai kamata ba, ko haske da ya koɗe ya koma fari-fari bayan makonni ana lura ƙarfin yanka na raguwa.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Wutar da ke cikin akwatin nan tana kisa, kuma takan saura a ciki bayan an zare soket. Wanda bai ƙware ba kada ya sa hannu a jar wayar, kada kuma a haɗe makunnin murfi don a yi aiki a buɗe.

Abokan gaba uku a Borno

Na farko zafi ne. Masu ƙera bututun suna son ruwan sanyaya shi ya tsaya ƙasa da digiri 25, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Ruwan bokiti a cikin shagon kwano ba zai cika wannan sharaɗi ba. Mai sayen na'urar sanyaya ruwa ya lura: samfurin CW-3000 fanka ce kawai, ba ta iya sauko da ruwa ƙasa da zafin ɗaki, CW-5000 da CW-5200 su ne masu aiki irin na firiji. Wanda bai da halin saye, sai ya jefa gorunan ruwa masu ƙanƙara a bokitin, ya auna zafin, ya kuma fi yin aiki da safe. Sanyi mai yawa ma illa ne, domin bututun kan yi gumi, gumin kuma ya jawo tartsatsi. Tataccen ruwa ya fi na rijiyar burtsatse, wanda ke barin dasashi a cikin gilashi.

Na biyu ƙura ce. Lokacin hunturu takan kwanta a kan madubai, hasken ya gasa ta, har ta zama tabo da ba ya fita. Auduga da ɗan sifirit kafin fara aiki, da mayafi bayan an tashi, sun isa. Haka kuma kada a yanka ledar allon talla ta PVC, domin hayaƙinta guba ne ga huhu, yana kuma cin ƙarfe da madubai.

Na uku wutar lantarki ce. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda sun rusa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake rusawa cikin 'yan kwanaki. Birnin ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 ta kamfanin NNPC a watan Maris na 2023. Wannan ya sa shaguna da dama suka saba da janareta da hasken rana. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka kuwa maƙiyin akwatin wuta ne. Sitabilaiza, da wayar ƙasa da aka binne da kyau, sun fi sabon akwati araha nesa ba kusa ba. Injin da ya taɓa jiƙewa, kamar yadda ya faru ga kayan shaguna a ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024, kada a kunna shi sai ya bushe sarai an duba shi.

Lissafin ɗan kasuwa

Bututu kaya ne mai ƙarewa, kamar taya a mota. Ƙananan sukan yi tsakanin awa 1,000 zuwa 2,000, ƙasa da haka in ana matsa masu. Mai bututun wat 40 kada ya bar allurar mita ta wuce 18. Gara ya bi layi sau biyu da ya ƙure wuta sau ɗaya. Ba kuma dabara ba ce a sayi bututu a ajiye shekara da shekaru, domin yana raunana ko ba a yi aiki da shi ba. Abin da ya dace a ajiye shi ne fiyus, da madubai, da famfo na biyu.

Saboda haka, mai hankali kan rubuta awannin da injinsa ya yi, ya kuma ware wani abu daga kuɗin kowane aiki domin ranar canji. Wanda bai sa kuɗin bututu cikin farashinsa ba, uwar kuɗi yake ci yana zaton riba ce.